Waƙar Hancin Aksel

Svendborg, Oktoba 1994

'Yata Vibeke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyarki da karnukan garin nan da kika ce ba sa barin kowa ya huta. Ni dai ga ni nan, ciwon gwiwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Likita ya ce in rage man shanu. Na ce masa a gidan burodi na tsufa, in da man shanu yana kisa da tuni ciyawa ta tsiro a kaina. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na gama kwashe ɗakin ubanki a Kwapanhagan. Allah ya jiƙan Aksel, amma wajen ƙazanta ba shi da na biyu. Kofuna a ƙarƙashin gado, safa a cikin akwatin faya-fayai. Bas ɗinsa kaɗai na tarar tsaf, uban gogen nan da ya fi ni tsayi, a tsaye a kusurwa, an goge shi har yana ɗaukar ido. Na ba wata ɗalibarsa aro, don ya sha gaya mini cewa katakon da ba a kaɗawa bebancewa yake yi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani tsoho ya same ni har gida, Torkild, wanda yake ɗaukar wa ubanki da abokan kiɗansa sauti tun suna samari. Ya zo da hula a hannu, kwali a hammata. A cikin kwalin akwai tef ɗin da suka ɗauka a cocin katakon nan na Norway, ubanki shi kaɗai da bas, ba ganga ba fiyano. Kina ƙarama lokacin, har da ke aka je. Ba a taɓa fitar da shi ba, kuma babu kwafinsa ko'ina a duniya. Yanzu wani ƙaramin kamfani a Jamus yana so ya buga shi faifai.

Na tambayi Torkild me ya sa aka ɓoye shi duk shekarun nan. Ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Bodil, ai kin san halin mutuminki. Waƙar hancin ce." Na ce ai kuwa na sani! Tun muna yara ubanki ba ya iya yin komai shiru. In yana kaɗawa sai ya lumshe ido ya dinga bin tsirkiya da hanci, mmm, mmm, kamar ƙudan zuma ya faɗa kwalba. A sauran faya-fayan yakan sa a danne ta ƙarƙashin ganga da ƙaho. A cocin nan kuwa babu mai rufa masa asiri. Da ya saurara sai kunya ta kama shi, ya ce a rufe kwalin kada kowa ya ji.

Ke ce magajiyarsa, sai da yardarki. In kin amince, ki rubuto ki ce in tsaya a madadinki. Kada ki ce za ki bugo tarho, na sa an cire shi tun ranar da ya kawo mini labarin mutuwar, kuma ban yi kewarsa ba. Kina sauraron faya-fayan da na aiko miki a jirgin ruwa na ƙarshe? Ki dinga sa safar ulun da na saƙa miki, ba don ado na yi ta ba.

Gwaggonki,
Bodil

Upernavik, Nuwamba 1994

Gwaggo Bodil,

Na samu wasiƙarki, a tsaye na karanta ta a gidan waya, ban ko cire safar hannu ba. Ina lafiya, sai ɗan tarin da kowa ke yi a nan. Ki bi maganar likita ko da rabi ce. Sannu da aikin ɗakin Baba. Ni ya kamata in yi shi, kamar yadda ni ya kamata in zauna a gefen gadonsa, amma jirgi bai tashi ba sai da aka binne shi. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Rana ta tafi, kamar yadda take yi duk hunturu a nan ƙurewar arewa, ba za mu sake ganinta ba sai bayan sabuwar shekara. Da tsakar rana sama takan yi shuɗi na ɗan lokaci, sai ka ce an tsoma ta a shuni. A lokacin nake dawowa cin abinci, in ɗora faifai, in zauna bakin taga ina kallon duwatsun ƙanƙarar da teku ya daskare da su.

Kin san abin da na gano? A da ina ganin faya-fayan da ya yi da Amurkawan nan da suka zauna a Kwapanhagan su ne kiɗan jaz na gaske: wuta, gumi, kowa na tseren kowa. Har gobe ina son su. Amma a nan, faya-fayan da ya yi a Oslo ne suka kama ni, waɗanda bangonsu ba hoton kowa sai hazo da ruwa. Su ba sa gaggawa. Mai fiyano ɗan Sweden zai saki sauti ɗaya, ya bar shi ya yi ta tafiya har ya ɓace, sannan ya saki wani. Akwai kuma wanda ya yi da mai ƙahon nan ɗan Poland, inda suka ɗauki wata tsohuwar waƙar makiyaya suka yi ta juya ta a hankali, har ka manta inda ta faro. Bas ɗin Baba yana can ƙarƙashin kiɗan yana tafiya, kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Wani maharbi da na ɗinke wa hannu ya jiyo ta taga, ya tsaya ya ce, "Wannan makaɗin ya san ƙanƙara." Na ce masa ubana ne, kuma ko daskararren kududdufi bai taɓa yarda ya taka ba.

Amma Gwaggo, a faifan ɗan Poland ɗin, kusa da ƙarshe, ƙaho ya yi shiru, sai ki ji Baba ya ja numfashi. Sau ɗaya tak, sun manta ba su danne ba. In na kai wurin sai in ɗage allurar daga kan faifan. Ba na iya jurewa. Numfashin nan kashe ni yake yi.

Muryarsa ta ɓace mini. Kin san shi ba mai magana ba ne, in ya ce "to" ya gama hira. Nakan rufe ido in kira ta, ta ƙi zuwa. Hannunsa kawai nake gani, da kantar da ke yatsunsa.

Cocin kuwa na tuna shi. Safiya ce ta bazara. Aka kwantar da ni a kan benci, aka rufa mini kwat ɗinsa, aka ce kada in motsa. Katakon yana warin kwalta, haske yana saukowa ta ƙananan tagogi, ƙura tana yawo a cikinsa ba ta sauka. Duk sanda ya ja babbar tsirkiya sai benci ya yi rawa a bayana. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Abin da idona ya gani na riƙe, abin da kunnena ya ji ne ya zube. Ina so a dawo mini da safiyar nan.

Na yarda. Ki tsaya a madadina, duk abin da kika yanke ya yanku.

'Yarki,
Vibeke

Svendborg, Disamba 1994

'Yata Vibeke,

Ina gaishe ki, ina gaida tarin, ki sha zuma da ruwan zafi. Gwiwa ta ɗan yi sauƙi, ba don likita ba. Na gasa biskit ɗin Kirsimeti, ga gwangwani nan tafe, in mutanen jirgi ba su cinye a hanya ba.

Wasiƙarki ta sa ni kuka a kan tebur, ni da ko a jana'iza ban yi ba. Yarinya ita kaɗai cikin duhu tana ɗage allura! Na ce a'a, ba da ni ba. Ba zan aika miki da abin da zai kashe ki ba.

Na je wurin Torkild ya yi mini bayani, ki ji ikon Allah. Ashe ranar da makirufo biyu ya yi aiki. Ɗaya ɗan mitsitsi, manne a jikin katakon, ba ya jin komai sai tsirkiya. Ɗayan a tsaye a iska gaban fuskar ubanki, shi ya kwashe waƙar hanci da nishi da duk tarkacen. Kowanne da layinsa a tef. In aka kwafe na katakon kaɗai, kiɗa zai fito tas, ba hanci ba maƙogwaro. Na ce to me muke jira?

Sai ya fara 'yan kame-kame. Wai tef ɗin ya tsufa ya yi danƙo, sai an gasa shi kafin ya yarda ya juya. Gasawa fa, Vibeke! A tanderu, da wuta kaɗan-kaɗan. Na ce da ka kawo mini tun tuni, da na haɗa shi da biskit. Wai kuma wannan ya lalace sosai, in ya bi ta kan na'ura zai dinga zubewa, sau ɗaya zai wuce ba na biyu. Don haka yana so ya kwafe layin iskar shi ma, ya ajiye a gefe, "ko don wata rana."

Na ce, "Wace ranar? Mai abu ya ce a rufe, 'yarsa ta ce yana kashe ta, kai a su wa?"

Ya ce, "Bodil, ban taɓa jin Aksel ya kaɗa kamar ranar ba, kuma rabin kiɗan da hanci ya yi shi."

Na ce, "Torkild, kai sauti ka ɗauka, ni wanka na yi masa yana jariri. A gabana za ka zare wayar layin iskar nan."

Ya ce to. Na san irinsu, in ka bar musu abu a aljihu, kana mutuwa sai a ji shi a rediyo.

An sa rana, tsakiyar Janairu. Zan tafi Kwapanhagan da an shiga sabuwar shekara, in sauka wurin wata ƙawata, a duba mini gwiwar, in zauna musu a kai har a gama. Za ki samu safiyarki a wanke a goge, ki saurara daga farko har ƙarshe hankalinki kwance.

Gwaggonki,
Bodil

Upernavik, Janairu 1995

Gwaggo,

Ina lafiya, ina fata kina lafiya, ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Guguwa ta hana jirgi mai saukar ungulu sauka tun kafin Kirsimeti. Sai yau aka kawo buhunan wasiƙu, taki tana ciki tare da gwangwanin.

Gwaggo, kada ki bari ya zare wayar! Wayyo ni, me na rubuta miki? E, na ce yana kashe ni, kuma yana kashe ni ɗin, amma shi nake jira tun daga farkon faifan. Bayan ya wuce nake ɗage allurar, don in zauna da shi, kada ƙaho ya dawo ya rufe shi. Numfashi ɗaya ke gare ni a duniya. Da kika ce akwai tef cike da shi, ban taɓa zaton ana iya raba mutum da kiɗansa ba.

Kiɗan Baba yana ko'ina, kantuna cike suke da shi. Muryarsa ce babu. Na san ya ji kunyarta. Ya ji kunyar tafiyarsa ma, da rubutunsa, da kunnuwansa. In za mu bi kunyar Baba, ba abin da zai rage mana.

Na aika da tangaraho gidanki, ko da yake na san ba kya nan. Na roƙi matar da ke haɗa tarho ta nemo mini Torkild a Kwapanhagan, ta ce, "Wane Torkild, 'yar'uwa?" Ba ki faɗi sunan gidansu ba, ba ki faɗi na ƙawarki ba, ba ki faɗi na kamfanin ba. Na tsaya riƙe da kan tarho kamar wawiya.

Wataƙila yanzu haka yana cikin tanderu. Na san wannan takarda ba za ta riske ki kan lokaci ba. Ina rubutawa ne don na rasa abin da zan yi da hannuna.

Vibeke

Svendborg, Fabrairu 1995

'Yata Vibeke,

Jiya na dawo gida, lafiya lau. Gwiwa sun ce sai an yi aiki, na ce su jira. Na tura ƙofa ta ƙi buɗuwa, ashe tangarahonki ne da wasiƙarki suka maƙale a ƙasa. Na karanta da kwat a jikina, sannan na zauna a kan matakala. Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, zan gaya miki yadda aka yi, ba ragi ba ƙari.

Da safe na je. Torkild ya ɗauko tef ɗin da hannu biyu ya ɗora a kan na'ura, ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Na ce, "Wayar." Ya zare ta a gabana ya ajiye a kan tebur. Ya danna.

Vibeke, kiɗa ne mai kyau. Tas, yadda na yi miki alkawari, kowace tsirkiya tana fita ɗaiɗai. Na jingina ina jin daɗin kaina. Garin tef ɗin, ja-ja kamar kirfa, yana ta zuba a kan takardar. Kiɗan farko ya wuce, na biyu ya wuce. Sai na ga ina ta waige-waige, ban san me nake nema ba. Can na gane jira nake ya zo. Makaɗin nan gwani ne, amma ban san shi ba, ko a hanya muka haɗu ba zan gaishe shi ba. Ɗan'uwana bai taɓa yin abu tsaf haka ba a rayuwarsa.

Na ce, "Torkild, wane ne wannan?"

Ya ce, "Wanda kika yi oda."

Ɗan banza, ko kallona bai yi ba. Na cije na ce ai don ke nake yi. Na yi ta cijewa har tef ya ci fiye da rabi. Sai aka zo wani wuri da tsirkiya ta tsaya, kuma na san a daidai nan yake jan iska kafin ya sake faɗawa, na sani kamar yadda na san sunana. Ba abin da ya fito. Wayam.

Ban san sanda na miƙe ba, da gwiwar da komai. "Mayar da ita! Mayar, don Allah!"

Ya ce, "Za ta yi ƙara fa. Kuma abin da ya wuce ya wuce, ba a komawa baya."

Na ce, "Ka mayar ko in mayar da kaina!"

Ya cusa. Ta yi ƙas! Sai cocin nan gaba ɗaya ya shigo ɗakin, iska da kukan katako da wani tsuntsu a waje, ga shi nan a tsakiya, mmm, mmm, yana bin tsirkiya a karkace. Muryar nan ba daɗi, 'yata, ba ta taɓa yin daɗi ba. Torkild ya cire tabarau ya kifa kai. Ni kuwa na yi ta zagin Aksel ina kuka.

Abin da muka tsira da shi ke nan, kiɗan ƙarshe da wutsiyar wanda ke gabansa. Muryar da ke cikin sauran ta bi gari, Torkild ya naɗe takardar. Ba zan ɗora wa guguwa ba, ni na sa aka zare.

Kamfanin sun ce za su gyara wurin ƙarar, ko ma su fitar da tsaftataccen kaɗai tunda shi ya fi yawa. Ban ce musu uffan ba, na daina yanke miki hukunci. Ga kaset nan Torkild ya yi miki. In kin ga dama ki yi fushi da ni, ina da wurin ajiye shi.

Gwaggonki,
Bodil

Upernavik, Maris 1995

Gwaggo Bodil,

Ina gaishe ki sosai. Ina lafiya, tarin ya tafi. Rana ta dawo, 'yan makaranta sun hau tudu sun yi mata waƙa. Ki bari a yi miki aikin gwiwar, zan zo hutu in yi jinyarki, ki zage ni son ranki.

Kaset ɗin ya kwana biyu a aljihuna ban sa shi ba, tsoro nake ji. Yau da safe, kafin in tafi aiki, na sa. Ban tsallake ba, daga farko na fara. Na zauna ina jin baƙon nan naki yana kaɗawa, gwanin gaske, ina jira. Rabon da in yi jira irin wannan tun ina tsayawa a ƙofar makaranta, kowa ya watse, ina kallon kwanar da zai ɓullo da bas a bayansa. Kullum a makare yake zuwa, amma bai taɓa ƙin zuwa ba.

Sai ƙas.

Gwaggo, ashe muryar siririya ce! Duk wannan lokaci a ƙasa nake nemanta, wajen babbar tsirkiya, shi ya sa ta ƙi zuwa. Ashe a sama take, 'yar ƙarama, tana rawa, tana ƙoƙarin kamo hannunsa ba ta kamo shi ba.

Ban yi fushi da ke ba. Na yi kukan abin da ya zube, kuma zan sake yi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki rubuta wa kamfanin ki ce ga abin da magajiya ta ce: daga farko har ƙarshe, yadda yake, kada su taɓa ƙarar. In sun ƙi, su bar mana kayanmu. Duk mai son jin Baba ya jira shi yadda muka jira.

Na makara aiki yau. Likita ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa babana ne ya zo.

'Yarki,
Vibeke